Direba, Ɗan Sanda da Ɓoyayyiyar Bindiga: Darasi Daga Hanyoyin Amurka



Batun da zan yi magana a kansa ƙarami ne in an dube shi sama-sama. Mutum yana tuƙa motarsa a wata hanya ta ƙasar Amurka, da ƙaramar bindiga ɓoye a ƙugunsa, wadda doka ta yarda masa ya ɗauka. Ɗan sanda ya kunna masa fitila daga baya, ya ratse gefen hanya ya tsaya. Ɗan sandan ya sauko daga tasa motar, ya tako zuwa bakin taga. Abin da ke aukuwa cikin minti ɗaya ko biyu da ke biye shi ne dukan abin da zan yi bayani a kai. Na ɗauki Amurka domin a can ne wannan al'amari ya zama ruwan dare, a can ne kuma kotuna suka fi tattauna shi. Abin da nake so in tabbatar muku kuwa shi ne, takardar izinin da ke aljihun mutum ba ta isa ta kare ransa a bakin taga ba. Sai in akwai ƙa'ida wadda direba da ɗan sanda duka suka sani tun kafin su haɗu. Inda babu ita, tsoro ne ke yanke hukunci, shi kuwa tsoro ba ya karanta takarda.

Yadda aka kai ga haka

A shekarar 1791 Amurkawa suka ƙara wa tsarin mulkinsu gyare-gyare guda goma, na biyu daga cikinsu ya yi magana a kan 'yancin jama'a na mallakar makamai da ɗaukarsu. An daɗe ana gardama a kan ma'anarsa, waɗansu suna cewa rundunonin jihohi ake nufi, waɗansu suna cewa kowane mutum ɗaya ake nufi. Sai a 2008, cikin shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta yanke cewa 'yanci ne na kowane mutum ya ajiye ƙaramar bindiga a gidansa domin kare kai. A 2010 ta ce wannan hukunci ya hau kan jihohi da birane ma. Sa'an nan a 2022, cikin shari'ar Bruen, ta ce 'yancin bai tsaya a ƙofar gida ba, ya kai har kan titi, ta kuma soke wata tsohuwar dokar Jihar Niyu Yok wadda ta ce sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasin yawo da bindiga.

Tun kafin kotu ta kai nan, jihohi sun riga sun yi nisa. A 1987 Jihar Fulorida ta yi doka cewa duk wanda ya cika sharuɗɗa tilas a ba shi lasin, ba sai hukuma ta ga dama ba, jihohi da yawa suka bi sawunta. Jihar Ilinoyi ce ta ƙarshe da ta yarda da ɗaukar ɓoyayyiyar bindiga, a 2013. Zuwa 2024, jihohi 29 daga cikin 50 sun ce baligin da doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba yana iya yawo da ita ba tare da wani lasin ba sam. Wani ƙiyasi da aka buga a 2018 ya ce akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun farar hula a ƙasar, watau sun fi mutanen ƙasar yawa.

To, ku haɗa wannan da wani lissafin. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun ce 'yan sandan Amurka suna tsayar da direbobi fiye da miliyan 20 a shekara, watau kamar 50,000 kowace rana. Ƙasar kuma ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya kamar tamu. Akwai hukumomin 'yan sanda wajen 18,000, na birni da na gunduma da na jiha da na tarayya, kowace da irin horonta. Saboda haka haɗuwar mai bindiga a ɓoye da mai bindiga a fili abu ne na kullum, amma babu littafi guda da dukansu suke karantawa.

Abin da ɗan sanda ke tafe da shi

Idan ɗan sanda ya nufo tagar mota, abu biyu yake ɗauke da su ban da makaminsa. Na farko iko ne mai faɗi wanda kotu ta ba shi. A 1968, cikin shari'ar Terry, Kotun Ƙoli ta yarda masa ya laluba jikin mutum ta kan tufafi in yana da dalilin zaton mutumin na ɗauke da makami kuma yana da haɗari. A 1977 aka yi shari'ar Mimms, wani direba da aka tsayar a birnin Filadelfiya domin lambar motarsa ta ƙare aiki. Da aka ce ya fito, sai aka ga rigarsa ta yi tudu, aka laluba aka sami libarba cike da harsashi. Kotu ta ce ɗan sanda yana da ikon umurtar direba ya fito daga mota ko da bai faɗi dalili ba, a 1997 kuma ta ce fasinja ma haka. A 1983 ta yarda masa ya bincika cikin motar, wuraren da hannu zai iya kaiwa, in yana zaton akwai makami. A 1996 ta ƙara da cewa muddin direba ya karya wata dokar hanya, komai ƙanƙantarta, tsayarwar ta halatta, ko da a zuciyar ɗan sandan wani abu dabam yake nema. Kun ga ke nan fitilar birki da ta mutu ta isa ta buɗe dukan waɗannan ƙofofi.

Abu na biyu shi ne tsoro, kuma adalci ne mu yarda cewa tsoron yana da tushe. A watan Janairu na 1998, a Jihar Jojiya, wani ɗan sandan gunduma mai shekara 22, Kyle Dinkheller, ya tsayar da wani mutum saboda gudu ya wuce kima. Mutumin, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Biyetnam, ya fito yana zage-zage, ya koma motarsa ya ɗauko doguwar bindiga. Ɗan sandan ya yi ta yi masa magana yana jinkirin harbi, har mutumin ya kashe shi. Kyamarar gaban motar 'yan sandan ta ɗauki abin duka, an kuma yi shekaru ana nuna wannan hoton ga kuratan 'yan sanda a makarantun horo a ko'ina cikin ƙasar. Darasin da kurtu ke fita da shi a bayyane yake: wanda ya yi jinkiri shi ke mutuwa, kuma hannu ake kallo, domin hannu ke kisa.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A watan Satumba na 2014, a wani gidan mai a birnin Kolombiya na Jihar Karolina ta Kudu, ɗan sandan jiha ya tsayar da wani baƙar fata, Levar Jones, saboda bai ɗaura bel ba. Ya ce masa ya kawo lasin tuƙi. Mutumin ya juya da sauri ya sunkuya cikin motar don ya ɗauko, ɗan sandan ya buɗe masa wuta, harsashi ya same shi a ƙugu. Ba shi da makami ko ɗaya. Ya rayu, an kori ɗan sandan daga aiki, daga baya kuma aka ɗaure shi. In wanda ba shi da bindiga zai sha harsashi don ya bi umurni da hanzari, yaya ke nan ga wanda ke ɗauke da ita?

Faɗa ko yin shiru

Tambayar farko da mai bindiga ke fuskanta ita ce, zai faɗa wa ɗan sanda ne ko zai yi shiru. A nan jihohi sun rabu kashi uku. Akwai waɗanda suka wajabta a faɗa nan take, ba sai an tambaya ba, kamar Mishigan da Karolina ta Arewa, kuma wanda ya yi shiru ya yi laifi. Akwai waɗanda suka ce sai in an tambaya, amma in an tambaya tilas a faɗi gaskiya, kamar Minesota. Jihar Ohayo tana cikin kashi na farko har zuwa 2022, sa'ad da ta koma na biyu. Akwai kuma waɗanda ba su ɗora wa mai bindiga wannan nauyi ba, kamar Jojiya. Mutum yana iya tashi da safe a jihar da shiru halal ne, kafin azahar ya shiga wadda shiru laifi ne, alhali kuwa titin bai sake kama ba.

Daɗin daɗawa, lasin wata jiha ba lalle ne ya yi aiki a wata ba. A 2013 wata mata mai 'ya'ya biyu daga Filadelfiya, Shaneen Allen, ta sayi ƙaramar bindiga bayan an yi mata fashi, ta kuma karɓi lasin Jihar Fensilbaniya bisa ƙa'ida. Ta ƙetara zuwa maƙwabciyar jiha, Niyu Jasi, aka tsayar da ita saboda ƙaramin laifin hanya. Da bakinta ta gaya wa ɗan sandan tana da bindiga, ga kuma lasinta. Niyu Jasi ba ta karɓar lasin kowace jiha, saboda haka aka kama ta, ta yi makonni a tsare, tana fuskantar ɗaurin fiye da shekara uku wanda alƙali ba shi da ikon ragewa. Sai da jama'a suka yi ta surutu kafin aka sassauta, a 2015 kuma Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Gaskiyar da ta faɗa ita ta kai ta kurkuku, amma da ta ɓoye aka gano, da abin ya fi haka muni. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, kuma wajibi ne mai tafiya ya san kiɗan garin da za shi tun kafin ya tayar da mota.

Abin da ya sami Philando Castile

Yanzu mu zo ga labarin da ya sa duniya ta san wannan matsala. Philando Castile baƙar fata ne mai shekara 32, yana shugabantar ɗakin abinci na wata makarantar firamare a birnin Sen Fol na Jihar Minesota. Yana da lasin ɗaukar bindiga. Kafin ranar da zan faɗa, 'yan sanda sun tsayar da shi a hanya fiye da sau 40 cikin shekarun da ya yi yana tuƙi, galibi a kan ƙananan laifuffuka, saboda haka ba baƙo ba ne a bakin taga.

Ran 6 ga watan Yuli, 2016, da yamma, wani ɗan sanda mai suna Jeronimo Yanez ya tsayar da shi a wata unguwa ta bayan gari. Ya ce masa fitilar birkinsa ta mutu, ko da yake ya riga ya gaya wa abokin aikinsa ta rediyo cewa direban ya yi masa kama da wani ɗan fashi da ake nema. A cikin motar akwai abokiyar zaman Castile, a kujerar baya kuma ga 'yarta mai shekara huɗu. Ɗan sandan ya nemi lasin tuƙi da takardar inshora. Castile ya miƙa ta inshora, sa'an nan cikin ladabi ya ce lalle ne ya sanar da shi cewa yana ɗauke da bindiga. Ɗan sandan ya ce to kada ya kai hannu gare ta, kada ya fito da ita. Castile ya ce ba fito da ita yake yi ba, matar ma ta faɗi haka. Ɗan sandan ya yi harbi bakwai, biyar suka same shi. Matar ta ɗauki wayarta ta watsa abin da ya biyo baya kai tsaye ta Facebook, mutane miliyoyi suka ga mutum yana cikawa a kujerar motarsa.

Ku lura da abin da ya faru a nan. An ba mutum umurni biyu, na farko bai janye ba aka ɗora na biyu. Na farko ya ce kawo lasin, watau kai hannu aljihu. Na biyu ya ce kada ka kai hannu. Ba a ce masa ya ɗora hannu bisa sitiyari ba, ba a tambaye shi inda bindigar take ba, ɗan sandan kuma bai ja da baya ya ba kansa fili ba. A dokar Minesota ma Castile ba tilas ne ya faɗa ba tun da ba a tambaye shi ba. Ya yi fiye da abin da doka ta nema.

A watan Nuwamba na wannan shekara mai gabatar da ƙara na gundumar, John Choi, ya tuhumi Yanez da laifin kisa ta hanyar sakaci, ya ce babu ɗan sanda mai hankali da zai yi harbi a irin wannan hali. A gaban kotu Yanez ya ce ya ga hannun Castile a kan bindigar, ya ji tsoron ransa. A watan Yuni na 2017 mutanen nan goma sha biyu masu taya alƙali shari'a suka wanke shi. Hukumar garin ta raba shi da aikin, ta kuma biya mahaifiyar mamacin diyyar kusan dala miliyan uku. Uwar ba ta tsaya nan ba. Ta yi ta matsa wa hukuma har a 2020 aka ƙara wani sashe cikin littafin koyon tuƙi na jihar, wanda ya gaya wa direba mai bindiga ya bar hannuwansa bisa sitiyari, ya sanar da ɗan sanda yana da ita, ya kuma faɗi inda take. Sai da rai ya salwanta kafin a rubuta ƙa'idar da ba ta fi layi uku ba.

Ƙa'idar bakin taga

Masu koyar da riƙon bindiga da lauyoyi a Amurka sun yi ittifaƙi a kan waɗansu matakai, zan kuwa jera muku su bisa tsarinsu, domin tsarin shi ne muhimmi.

Shiri yana farawa tun daga gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Alabe da takardun mota kada su zauna gefe guda da bindiga. In tana ƙugun dama, alabe ya koma hagu, in tana cikin akwatin gaban mota, takardu su bar wurin. Mai ɗaukarta kuma ya nisanci giya, domin jihohi da yawa sun haramta ɗaukar bindiga cikin maye ko da akwai lasin.

In an kunna wa mutum fitila, ya ba da sigina, ya ratse dama inda babu haɗari, ya kashe inji, ya sauke gilashi. In dare ne ya kunna fitilar cikin mota. Sa'an nan ya ɗora hannuwansa biyu a saman sitiyari ya jira. Kada ya ce bari ya nemo takardu kafin ɗan sanda ya iso, domin wanda ke tahowa daga baya ba ya ganin takarda, kafaɗa kawai yake gani tana sunkuyawa. Kada kuma ya fito daga mota sai an ce ya fito.

Magana ita ce ta biyu bayan hannu, kuma ta zo kafin kowane motsi. Ya fara da ambaton lasin, ya ce yana da izinin ɗaukar makami, makamin yana tare da shi, yana wuri kaza, sa'an nan ya tambayi ɗan sandan abin da yake so ya yi. Masu koyarwa sukan yi gargaɗi kada a jefa kalmar bindiga ita kaɗai da ƙarfi, saboda sau da yawa akwai ɗan sanda na biyu a ɗaya gefen motar wanda ba zai ji komai ba sai ita, kuma ita ce kalmar da suke yi wa juna ihu da ita in sun ga haɗari. Baki shi ke yanka wuya.

Takarda ita ce ta ƙarshe. In an nemi lasin, ya faɗi aljihun da alabe yake, ya jira a ce ɗauko, ya ɗauko a hankali da hannu ɗaya, ɗayan yana bisa sitiyari. Kada ya taɓa bindigar, kada ya nuna ta, kada ya ce bari ya miƙa ta don nuna kyakkyawar niyya. In ɗan sanda yana so ya riƙe ta har a gama, a bar shi ya cire ta da hannunsa. In umurni biyu suka ci karo, ya daina motsi ɗungum, ya mai da hannu bisa sitiyari, ya ce bai gane ba. Fasinjoji ma su bar hannuwansu a fili. Wanda yake ganin an zalunce shi ya haƙura har ya je gaban alƙali, gama a gefen titi babu mai sauraron hujja.

Nauyin da ke kan hukuma

Na san akwai masu karatun shari'a a cikinku da za su ce, ashe dukan nauyin an ɗora shi a kan farar hula? Tambaya ce mai kyau. Wanda aka horar, ake biyansa albashi, shi doka ke yi wa uzurin firgita, wanda ba a horar ba kuwa ana so ya natsu alhali an auna shi da bindiga. Tushen wannan shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1989, cikin shari'ar Graham, wanda ya ce a auna aikin ɗan sanda da idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin a lokacin, tare da tuna cewa cikin ƙiftawar ido yake yanke shawara. Da wannan ma'auni ya zama da wuya ƙwarai a kama ɗan sanda da laifi muddin ya ce ya ji tsoro. Wani bincike da jaridar New York Times ta buga a 2021 ya ƙirga direbobi da fasinjoji fiye da 400 waɗanda 'yan sanda suka kashe cikin shekara biyar, ba su riƙe da bindiga ko wuƙa, ba a kuma neman su da wani laifin zubar da jini.

An sami ɗan gyara a 2025. Cikin shari'ar Barnes, wadda ita ma ta taso daga tsayar da mota a birnin Hustan na Jihar Teksas, alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce ba daidai ba ne a duba daƙiƙar harbi ita kaɗai, tilas a duba dukan abin da ya gudana tun daga farko.

Akwai kuma batun launin fata, wanda ba ya ɓoyuwa. Gwamnan Minesota na lokacin, Mark Dayton, ya faɗa a bainar jama'a cewa ba ya zaton abin zai faru da a ce farare ne a cikin motar. Tarihi ma yana da abin cewa. A 1967, sa'ad da samarin baƙar fata na jam'iyyar Black Panther suka riƙa bin 'yan sanda a Kalifoniya riƙe da bindigogi a fili, kamar yadda doka ta yarda a lokacin, nan da nan majalisar jihar ta haramta yawo da bindiga mai harsashi a fili, Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. 'Yancin da aka rubuta wa kowa, ba kowa ke cin moriyarsa daidai ba.

Inda abin ya shafe mu

Waɗansunku za su tafi Amurka ƙaro ilmi ko halartar kwas. Ku sani dokar tarayyar ƙasar ta hana baƙon da ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara mallakar bindiga ko riƙe ta, sai a 'yan wurare kaɗan, kamar wanda ya karɓi lasin farauta. Amma kuna iya shiga motar abokin da ke ɗauke da ita. A Jihar Niyu Yok, in an sami bindiga cikin mota, ba a jikin wani ba, doka tana iya ɗaukar cewa ta dukan waɗanda ke ciki ce. Ƙa'idar hannu bisa sitiyari kuwa ta kowa ce, da mai bindiga da marar ita, kamar yadda labarin Levar Jones ya nuna. Al'adar nan tamu ta direba ya fito daga mota ya tari ɗan sanda don girmamawa, a can barazana ake ɗaukarta.

A gida kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin waɗanda aka haramta, sai da izinin Shugaban Ƙasa, saboda haka farar hular da aka samu da ita a shingen 'yan sanda ba shi da ta cewa. Amma matsalar 'yan bindiga ta sa an fara jin wata murya. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makamai su kare kansu, a 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasin bindiga. Ba wanda zai zargi mutumin da aka ƙone masa gari don ya nemi abin kare iyalinsa. Sai dai ku da za ku zauna a ofisoshi kuna rubuta takardun shawara ga gwamnati, wajibi ne ku yi tambayar da Amurkawa suka makara wajen yi. Ranar da mai lasin ya iso shinge da dare, me zai ce, a wane lokaci, ina zai sa hannunsa? Ɗan sandan da ke riƙe da tocila, me aka koya masa ya yi in ya ji? Wa zai binciki lamarin in an yi harbi, wace kotu kuma za ta saurari iyalan mamaci? Ƙasar da ke da kyamara a gaban motocin 'yan sanda, da lauyoyi, da diyyar miliyoyi, ba ta iya ceton Philando Castile ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shugaba, lokacin da aka ba ni ya ƙare. Ina roƙon masu karatun shari'a su nemi hukunce-hukuncen da na ambata su karanta su da kansu, masu shirin tafiya kuma su karanta littafin tuƙi na jihar da za su tun kafin su kama sitiyari.